Gonar da Babu Gawo

Litinin, 22 ga Afirilu 2024
Sarki ya kira ni fada. Tun da na aje aikin jami'a na dawo Dungas ni ke ba shi shawara kan gonaki da dabbobi. Yana so in tara masu gari in yi musu bayanin amfanin barin gawo cikin gona. Ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ce, “Mushe, a gonarka za a yi, su gani da ido.” Na ce to. Me ya sa na ce to?

Alhamis, 25 ga Afirilu
Babu gawo ko ɗaya a gonata. Goma sha tara ne, ni na sa aka sare su a 1988 don tarakta ta samu hanya, ina ɗanyen ma'aikacin gona mai sabon babur. Baba ya ce, “Abdulwahabu, bar mini guda in riƙa zama.” Ban bari ba. Yaya Bunu ya hana a taɓa ɓangarensa, na kira shi baƙauye a gaban mutane.
Shekara talatin kuma ina koya wa ɗalibai cewa gawo taki ne.

Asabar, 27 ga Afirilu
Matata Rukaiya ta ce buhunan 'ya'yan gawon da shanuna ke ci tun watan Janairu daga gonar Yaya suke. Na zaci saya take. Mata ta sani, miji bai sani ba. Na kasa cin tuwo.

Talata, 30 ga Afirilu
Yaya ya zo da kansa kan zancen masu gari. “Kai su tawa, ai duk gonar Baba ce. Wa zai tambayi iyaka?” Ko dariya bai yi ba, wannan ya fi ciwo. Na kusa yarda. Wallahi na yarda ma, har zuwa la'asar.

Asabar, 4 ga Mayu
Tawa na kai su. Mutum arba'in cikin rana, ba inuwar da kaza za ta fake. Na faɗi abin da na yi, da shekarar. Wani tsoho daga ƙauyen Kwaya ya ce, “Mun sani, Mushe. Ni na riƙe gatarin.” Ashe kowa ya sani, ni kaɗai nake ɓoyewa. Muka tsallaka gonar Yaya, shi ya yi bayanin. Ya fi ni iyawa, ba allo ba takarda.

Asabar, 15 ga Yuni
An yi ruwa, mun fara noma. A gonata, inda shanuna suka kwana da rani, Yaya ya riƙe mini hauya. “Kar ka kai nan.” Gawo ne ya tsiro cikin kashinsu, bai kai yatsa ba. Bakwai muka samu. Ya ce sai shekara ashirin za a zauna ƙarƙashinsu. Ina da sittin da shida.
Ba wani abu ba ne. Na dai yage bakin rawanina na ɗaura wa kowanne alama a tsinke. Ɗaya yana dab da inda Baba ke zama.