Kujerar da Auta Ya Fara

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san a jikin katako na koye shi, da fensirin awo. Waya kuwa kada ki kira. Injin yanka ya cinye mini kunne, kuma ko ina ji, ke ba kya barin mutum ya kai ƙarshen magana.

Zancen ƙaninki ne, Auta. Tun da kamfanin da yake wa aiki ya sallame su ya dawo gida, ya shige ɗaki ya ja labule. Ƙato da gemu, yana kwance, waya a saman hanci, yatsa na ta sharar gilashi. Abinci ya huce a bakin ƙofa, a ɗauke. In na ce, "Auta, taso ka kama mini katakon nan," sai ya ce, "Baba, na gaji." Na ce, "Gajiyar me? Dutse ka fasa a mafarki?" Sai ya juya wa bango fuska.

Ni na san inda aka ɓata shi. Ku ne, ke da yayanku, kuka zare shi daga shagona, wai kafinta ba sana'ar mai ƙwaƙwalwa ba ce. Ban manta ba. To ga karatun naku nan a kwance. Tela maƙwabcina har ya sami abin dariya, kullum sai ya leƙo ya ce, "Kafinta, gadon da ka yi wa yaron nan ya cika daɗi."

Shekaranjiya na kwance ƙofar ɗakin na jingine ta a tsakar gida. Ni na kafa ta, ni na cire. Bai ko ɗaga kai ba. Wallahi da faɗa ya yi mini da na fi jin daɗi.

Ke da kike aikin asibiti, ki aiko da maganin ƙarin jini ko allurar ƙarfi. Direban da ya kawo miki wannan shi zai karɓo.

Na bar ki lafiya. Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Yara suna gaida kakansu.

Na karanta takardarka, hankalina ya tashi. Baba, Auta ba lalaci yake yi ba, kuma ba jini ne ya yi masa kaɗan ba. Akwai wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin, shi ke sa mutum ya ji marmarin tashi ya nufi wani abu. Wayar nan tana ɗiga masa shi kaɗan-kaɗan yana kwance, har komai na duniya ya daina yi masa armashi. Ba shi kaɗai ne matsalar ba, ina zaton akwai ciwon damuwa, wanda sai likita. Amma mu fara da abin da ke hannunmu.

Ya riƙa fitowa rana da safe, ya ɗan taka. Wayar ku yi shawara da shi a kanta, kada ka ƙwace. Ka mayar masa da ƙofarsa, don Allah, babban mutum ne.

Abin da ya fi duka: ka ba shi ƙaramin aiki da zai fara da hannunsa ya gama da hannunsa. Daɗin nan da kake ji idan ka ja da baya ka kalli kabad ɗin da ka gama, shi yake bukata. Ko ya karkace, ka bar shi. Na san hannunka, Baba, ba ya iya zama.

Zancen makaranta kuma mu bar shi sai mun haɗu.

'Yarka mai biyayya.

*

Uwata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga takardarki, babu ko ƙwaya ɗaya a ciki, sai wa'azi. 'Yar da na goya a kafaɗa yau ita ke koya mini zama da ɗana. Allah ya kyauta.

Ƙofa na mayar, ba don kin faɗa ba, sauro ne ya yi yawa. Waya kuma mun yi shawarar da kika ce: na ce ya ba ni, ya ba ni, tana cikin akwatin kayan aiki har la'asar. Kwanakin farko kamar wanda aka zare wa laka. Ina fito da shi da safe mu taka zuwa wurin masu katako, yana jan ƙafa a bayana, ina cewa, "Ɗaga kai mana, ba kuɗi ka yar ba."

Sai ga matar nan mai sayar da kayan miya a bakin layi, tana son 'yar kujera ta zama. Na ce, "Auta, taka ce." Ya daɗe yana kallon katakon kafin ya ɗauki zarto. Uwata, hannun yana nan! Ba ku kashe shi duka ba. Ya yanka, ya goga, har na ji yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Ranar ya cinye abincinsa ya nemi ƙari. Tela ya leƙo, na ce, "Yau me za ka ce?" Ya ce, "Zan ce a yi mini irinta."

Amma ƙafa ɗaya ta gaza. Kaɗan ne, kamar kaurin farce, sai dai in an zauna tana ɗingishi. Shi bai lura ba, ya ce, "Baba, saura fenti," ya fita sayowa da saurinsa. Na zauna ina kallonta. Na tashi na sha ruwa na dawo, tana nan tana kallona. Tun kafin a haifi yayanku babu abin da ya taɓa fita daga shagon nan yana rawa. Matar nan a bakin layi za ta zauna, duk mai wucewa ya ce aikin wa? Sai na cire ƙafar na sa wata. Da na cire ta na ga saman ma yana son gyara, na gyara.

Ya dawo da gwangwanin fenti. Ya shafa kujerar da tafin hannu, ya juya ta, ya dube ni. Na ce, "Ɗan taɓawa kawai na yi." Ya ce, "Ta yi kyau, Baba." Ya ajiye gwangwanin a hankali ya shiga ɗaki. Tun ranar bai fito ba. Wayar ma bai tambaya ba.

Ki gaya mini, gyara laifi ne? Haka maigidana na sana'a ya koya mini, da mari ma a kai, ban kwanta ba.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni, yau ba zan yi doguwar magana ba.

Na kira tela, na roƙe shi ya kai wa Auta wayar har ɗaki, mun yi magana. Muryarsa ba ta yi mini daɗi ba. Ya ce mini, "Yaya, ko ina nan ko ba na nan, kujera za ta tsaya daidai." Baba, a wurin aikina mun san irin wannan magana, ba ma wasa da ita.

Abin ya wuce rana da tafiyar safe. Ina so ka sa shi a motar direban nan ranar Asabar ya zo wurina ya ga likita. Kafin nan kada ka bar shi shi kaɗai, kuma ka kulle shago da kayan aikin ciki. Na san za ka ce ɗanka ba mahaukaci ba ne, kuma mun sake ƙwace maka shi. Ka faɗa, ka yi fushi da ni iya son ranka. Amma ka sa shi a mota.

'Yarka.

*

Uwata,

Ga shi nan. Ni na riƙe masa jaka har tasha, na zaunar da shi gaba kusa da direba. Tun da takardarki ta zo a bakin ƙofarsa nake shimfiɗa, bayana duk ya ƙage. Ban ce na yarda da ku ba, kuma ban yafe zancen makaranta ba.

Ba ya son a yi masa tambaya yana cin abinci. Ki bar shi ya gama tukuna.

Ban buɗe shago ba. Na je, na sa makulli a kwaɗo, sai na ji ba na so, na dawo na zauna. Abin nan naki, dofamin, tsofaffi ma yana ƙare musu? Wani ne ya ce in tambaya.

Ki rubuto da zarar ya sauka.

Babanki.