Ku Maido Layin Baba Ummaru Kafin Gulbi Ya Cika

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyarmu ta Manoman Fadama, Wurno.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ranka ya daɗe, na kawo maganar nan a fili ne don na gaji da zuwa ofis ana ce mini kana Sakkwato.

Da rani kun ɗauko mai bincike ya duba kuɗin waya da ƙungiya ke biya duk wata. Ban ga laifin haka ba. An samu layukan mamata da na waɗanda sunka bar aiki, an yanke, madalla. Amma cikin waɗanda anka yanke har da na Baba Ummaru, dattijon da ke bakin gulbi can sama wajen Taloka, mai sanar da mu in ruwa ya taso. Wayar ma an aika an karɓe.

Na ɗaya. An ce takardar kamfani ta nuna layin bai taɓa kiran kowa ba. Gaskiya ne, Baba ba ya kira, filashin yake yi. Mu munka ɗora shi a kan haka don kada kuɗin ƙungiya su tafi: in ya ga ruwa ya fara ɗauko itace da ciyawa, sai ya yi wa sarkin noman kowace unguwa filashin, su kira shi da kuɗinsu. Filashin kuwa ba ya fita a takarda. Ashe tattalin da munka yi muku shi ne laifinmu.

Na biyu. Mai binciken baƙo ne, ban zarge shi ba. Amma kai da ka sa hannu ɗan fadamar nan ne. Mi ya hana ka tambayi ko mutum ɗaya?

Na uku, kuma shi ke hana ni sukuni. Ƙanena Bello yana tsallaken gulbi da matarsa da ɗiyansu, a bukkar gona, sai an yanke shinkafa su dawo. Makon jiya ruwa ya ɗan taso da hantsi, ba wanda ya ji labari. Bello ya fito da ƙaramar ɗiyarsa a wuya, ruwa iya ƙirji. Injin ban-ruwa da awakinsa sun tafi. Ruwa na janyewa Bello ya koma, don in ya bar gonar tsuntsaye su gama da ita, bana ba su da abinci. Wannan fa somin-taɓi ne, manyan ruwan damina ba su zo ba tukuna.

Mun haɗa kuɗi mu saya wa Baba sabon layi, anka ce sai da katin ɗan ƙasa, shi kuwa ba shi da shi. Masu mashin da ke zuwa Goronyo sun ce har yau kullum yana zaune bakin gulbi yana kallo, ba shi da hanyar gaya wa kowa.

Roƙona, a maida masa layinsa da wayarsa cikin makon nan. In kuɗin watan ne ya yi wa ƙungiya nauyi, a cire daga kasona na taki, na yarda.

Ranka ya daɗe, tsoro nake ji, ba na ɓoyewa. In ruwa ya ci mutum a tsallake, zan karɓi ƙaddara kamar kowane Musulmi. Amma in ka zo gaisuwa, a gaban jama'a zan faɗi wanda ya yanke layin.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da ɗaukar alhakin rai.

Wassalam.

Naka, Garba mai shinkafa, Wurno.