Kunnen Anselmo

Juchitán, Talata

Yaya Eulalia,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki, yaya jikoki? Girgizar ƙasar ta bar mini gidana, littattafai ne kawai suka zubo mini a ka. Kya ce sun rama.

Amma bene ya rufta kan Doña Casilda mai sayar da tamale, alalen masarar nan, kuma tana da rai. Kin san yadda muke aikin ceto: Baudelio, shugabanmu, ya ɗaga dunƙulen hannu, kowa ya yi tsit, ni kuma in kasa kunne in nuna inda za a tona. Yau ya ɗaga, aka zuba mini ido. Na ji ƙwanƙwasarta sarai, Yaya, sai dai daga ko'ina take zuwa.

Tun watan jiya likita ta yi mini bayani. Wai a gindin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyin da aikinsu tsawatarwa ne: in sauti ya riga isa kunnen dama, sai su danne saƙon na hagu na ɗan ƙiftawar ido, da haka mutum ke gane ɓangaren. Nawa sun fara makara. Ashe rashin iya shirun da kike zargina da shi har ciki ya kai.

In na nuna kuskure, bango zai sauka kanta.

Ƙaninki,
Anselmo

Alhamis

Yaya,

Gaisuwa da fatan kin samu barci. Ban nuna ba. Na ja Baudelio gefe na gaya masa. Ya zage ni, ya ce jakin da ya karanta littafi dubu ya kasa buɗe baki wata guda. Sannan ya baza mutane su kafa kunne a kan baraguzai, ni kuma ya ɗora ni kan tudu in riƙa ɗaga hannu. Ni, mai sa mutane shiru! An ciro ta jiya, ƙugunta a karye, tana tambayar wa ya sauke mata tukunya.

Da safen nan mota ta danna mini hon, na waiga hagu, ta goge ni ta dama. Na daɗe zaune a bakin titi.

Ki zo, don Allah. Zan jira ki a tasha. In kin hango ni kada ki kira sunana, ki ɗaga hannu.

Ƙaninki,
Anselmo