Muryar Baba a Rikodar Sjef

Eindhoven, Nuwamba 1965

Ƙanwata Remedios,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama? Ni lafiya lau, sai ɗan tari, kada ki faɗa mata.

Jiya maƙwabcina Sjef ya dire rikoda a gabana ya ce, "Kai mutumin Sifen, yi mana waƙa, ko sanyi ya cinye muryar?" Na rera wadda marigayi Baba yake yi wajen tsinkar zaitun. Da ya kunna kaset ɗin, na rantse miki muryar Baba na ji, har da shaƙewar nan tasa. Tsigar jikina ta tashi.

Zan aiko muku da irinta. Don Allah ki lallaɓi Mama ta rera duk waƙoƙinta a ciki, tun tana da sauran ƙarfi.

Yayanki,
Eusebio