An Wanke Gyaren Gidanmu Daga Zargi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara da aikin asibiti. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare mana ku a can. Mu nan da sauƙi. Inna na shan maganinta ranar da ta ga dama, auta kuma ta shiga aji uku.

Bayan haka, ina sanar da ke a hukumance cewa an wanke gyaren gidanmu daga duk wani zargi. Wata uku ina farautarsa. Na janye gado, na kwashe littattafaina, na fesa magani har uwar yara ta ce ko dai gyaren ya bar gidan ko ita. Sai ran nan da rana tsaka, a cikin motar haya, na ji shi yana kukansa. Na tambayi na kusa da ni ko yana ji, ya dube ni ya matsa gefe. Ashe a cikin kaina yake, Yaya.

Kin san shekara ashirin da biyu ina kan injin haɗa sauti na ƙungiyarmu ta makaɗa. Mu ba ma yarda da allurar inji mai nuna ƙarfin sauti. Kunnen hagu nake mannawa a jikin lasifika in ji ko ganga ta zauna. In an tashi daga wasa kunne bai yi ƙara ba, cewa muke yi aiki bai yi kyau ba. Da can ƙarar kan tafi kafin gari ya waye. Wannan ta zo da kayanta.

Na je asibiti. Aka sa ni a wani ɗan ɗaki, aka ba ni madanni aka ce in danna duk sanda na ji sauti. Ina zaune ina jiran su fara, sai likita ya buɗe ƙofa ya ce an gama. Ya ce akwai wasu 'yan gashi masu kama sauti a can cikin kunne, ƙara ta kashe nawa, kuma ba gemu ba ne balle su sake tsirowa. Kunnen hagu ya tafi, na dama yana haɗa kaya. Shugaban ƙungiya ya ce kwanan nan sautina na huda kan jama'a, in huta tukuna, in riƙa naɗe wayoyi. Ya faɗa da ladabi. A leɓensa na karanta rabi. Amma ba wannan ya karya ni ba. Auta ce ta zo tana rera min waƙar makaranta, ina ta gyaɗa kai, ashe ta daɗe da gamawa. An ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Ni da alama ko hohon sai an rubuto min.

Shi ya sa kika ga wasiƙa maimakon waya. Ga kuma roƙona. Ɗanki, babban yarona, yanzu shi ke kan ganguna, in ya sauka kuma ya cusa wayar jin kiɗa a kunne. Na miƙa masa robobin toshe kunnen da kika aiko min shekara tara da suka wuce, har yau suna cikin ledarsu. Ya yi dariya, ya ce makaɗi mai toshe kunne kamar kuku ne mai toshe hanci. Maganata ce, Yaya, wadda na faɗa miki. A bakina ya haddace ta. Ki kira shi, Gwaggo ce ke, wataƙila ya ji taki. Tawa ta riga ta yi aikinta.

Ki gaida maigida da 'yan biyu da surukarki. Inna da uwar yara suna gaishe ki.

Ke ce da gaskiya. Ni na yi kuskure.

Ƙaninki,
Mai naɗe wayoyi