Yaya Sadisu, katin nan ya ƙi amsa min

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yayana.

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Rabi ce. Na san ba za ka karanta ba, masu bibiyata ne za su karanta, amma kai kaɗai nake son faɗa wa.

Tsohuwar kwamfutar nan ta majemarmu a Challawa ta ƙone, ta tafi da duk aikinka. Ka san ita ce ke haɗa babban injin fatu da kamfanin da ya ƙera shi a ƙasar waje, ta katin modem ɗin da ke cikinta. In injin bai ji daga gare su ba, kulle kansa yake yi. Manaja ya ce in Juma'a ta yi bai haɗu ba, a rufe sashen, a sallami kowa. Katin dai ya tsira, kuma shi kaɗai kamfanin injin ya yi wa rajista. Sai dai sabuwar kwamfutar ba ta san shi ba, waɗanda suka yi shi kuma sun daɗe da rufewa. Dole na zauna rubuta masa direba, 'yar manhajar nan da ke sa kwamfuta ta yi magana da kati, kamar yadda ka yi a da.

Na rubuta, Yaya, har ya yi aiki, na yi guɗa ni kaɗai a ofis. Sai aka ɗauke wuta, janareta ya tashi, katin ya yi gum. Tun ranar haka yake min. Da an sauya wuta, in kira shi, in sake kira, shiru.

Ka tuna yadda nake maka tsiya? Aikinka na tafiya lafiya lau, sai ka fita ka ce wa Malam Iro mai janareta ya kashe wuta da gangan. Ma'aikatan da ke bakin aiki su yi ta tsaki, ni kuma in ce Yaya ya fiye neman magana. Kai ko a jikinka. Cewa kake: "Rabi, abin da bai ga an ɗauke wuta ba, bai fara aiki a Kano ba."

Akwai abin da ka sa a naka direban, na sani. Ka taɓa ce min bayan wuta ta dawo ba a afka wa katin da buƙata, sai an ba shi lokaci ya wartsake, a gaishe shi, ya amsa. Tsawon wane lokaci? Da wane saƙo ake farawa? Ban tambaya ba, don na ɗauka kana nan.

Tsoro nake ji, wallahi. Da safe mutanen sashen suke tsayawa a bakin ƙofata, wasu daga Zawaciki, wasu tun daga Jigawa suka baro iyali. Ba sa cewa komai sai "sannu da aiki, Malama". Wannan sannun ta fi min zagi ciwo.

Jiya na je wajen Malam Iro da kaina, na roƙe shi ya kashe min wuta. Ya juya ya goge ido da hularsa. Ya ce in yi ta aiko masa, ko sau nawa ne, ya saba.

Gobe Alhamis. Zan ƙara wa katin lokacin jira, in sake kira. Shi dai kati ne, Yaya, ina sa ran zai amsa. Kai ne nake ta kira tun da aka fita da kai.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka, Ya sa ka huta. Mu kuma Ya rufa mana asiri kafin Juma'a.

Ƙanwarka da ba ta gama koyo ba,
Rabi