Takardar da Kawu Ya Ƙona

Mount Hope, Amurka, Litinin

Zuwa ga Kawu Kadri,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, Allah ya kawo kasuwa. Na sa wannan takarda a jakar kular abincinka ne saboda idan na tsaya a gabanka bakina ba ya buɗewa. Anti Fanna ta ce za ka gan ta idan ka tsayar da taksi don cin abincin rana.

Kawu, don Allah ka mayar mini da kwamfutar makaranta da ka ɗauke jiya. Ba wasa nake yi da ita ba. Malama Afua ce ta ba mu wani shafi a intanet inda ake koyon tarihin Amurka. Akwai tsofaffin hotuna da taswirori da wasiƙun mutanen da. Akwai kuma wurin da ake dannawa, wata murya ta karanta Turancin a hankali, ni kuma ina bin ta. Ranar Juma'a kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayani na minti biyar, kuma duk abin da na rubuta cikin sati uku yana cikin kwamfutar.

Malama ta ce wata takwas da zuwana daga Damagaram, ba ta taɓa jin muryata ba. Idan ban yi magana ranar Juma'a ba, za a bar ni a ajin baƙi shekara mai zuwa, sauran su wuce.

Sannan ina babban kwalin da na liƙa takarduna a jiki? Na duba ko'ina ban gan shi ba.

Ka huta lafiya.
'Yar ƙanwarka, Huda

*

Litinin

Huda,

Wa alaikumus salam. Ashe kina da magana, sai dai a takarda.

Kina tambayar kwali? Na shigo falo na tarar da shi shimfiɗe a ƙasa, kusa da takalman mutane. A tsakiyarsa ayoyin Allah, kin shafe bayansu da gam. A gefe ɗaya hoton mutane tsirara da sarƙa a wuya, a ɗaya gefen hoton wani Bature mai gashin doki a kai. Ke da kika yi izu ashirin a wurin Malam kafin ki zo nan, wa ya koya miki haka?

Na ɓamɓare takardar ayoyin na ƙona ta a tsohuwar tukunya, yadda ake yi, na zuba tokar a gindin bishiyar ƙofar gida. Ƙararrawar hayaƙi ta yi ta ihu har Tamimu na saman bene ya sauko da guga. Duk ke kika jawo mini wannan kunya. Sauran kwalin yana shara.

Shekara goma sha tara ina tuƙi a garin nan. Na san abin da suke so baƙin yaro ya ɗauka game da kansa. Uwarki amana ta ba ni, ba ta ce a koya miki cewa mu jikokin bayi ne ba. Kwamfuta tana but ɗin motata, kuma nan za ta zauna.

Kawunki

*

Talata

Kawu,

Ina gaishe ka. Na karanta wasiƙarka sau uku, kuma ban yi kuka a gaban Anti ba.

Sa kwalin a ƙasa kuskure ne, na yarda. Amma teburin gidan nan buhun shinkafa ne a kansa da tukwane, gadon da nake kwana kuma na sama ne. Ina zan shimfiɗa shi gam ya bushe? Da ka tambaye ni da na ɗaga. Ba ka tambaya ba, sai ka kunna wuta.

Ka san rubutun waye ka ƙona? Wani mutum ne da aka kamo daga ƙasashenmu aka sayar da shi a nan, ya tsufa yana noman gonar wani. Ba allo, ba malami, ba wanda zai yi wa sallama. Ya samu takarda ya rubuta abin da ya rage a kansa. A shafin nan na same shi, kuma irin rubutun allonmu ne sak. Malama Afua ba ta iya karanta shi ba. Yara talatin da ke ajinmu, har da masu yi mini dariya idan na ce “tiri” maimakon uku na Turanci, babu wanda ya iya. Ni kaɗai ce. Abu ɗaya da na fi su ke nan a duk makarantar, shi ka sa a tukunya.

Ka ce shafin yana koya mana mu jikokin bayi ne. Ko sau ɗaya ba ka buɗe shi ba. Hotunan sarƙa ba ni na ɗauka ba, abin da ya faru ne. Kuma tunda ana maganar girmama ayoyi, rubutun ayoyin da ka rataye a madubin motarka fa? Kai da bakinka ka gaya wa Anti mashaya suna amai a kujerar baya.

Ka yi haƙuri idan na yi rashin kunya. Saura kwana uku.

Huda

*

Talata

Huda,

Na ga saƙo. Wanda ke madubina yana cikin fata, yana sama da kan kowa. Kada ki ƙara haɗa ni da ke.

Wata takwas kina sunkuyar da kai kamar baƙuwar amarya, ashe harshen yana naɗe a ciki. Idan kika ƙara rubuto mini irin wannan, zan kira uwarki in karanta mata daga farko har ƙarshe, sannan mu yi maganar komawarki gida.

Na buɗe abin naki a bakin Fordham Road, ya ce sai na sa kalmar sirri. Rubuto mini ita. Ba don na yarda ba ne, so nake in ga ƙaryar da idona. Bawa da rubutu!

Kawunki

*

Laraba

Kawu,

Barka da rana. Kalmar sirrin sunan Inna ne, sai shekarar da aka haife ni, idan ka san ta. Idan ba ka sani ba, tambayi Anti.

Idan ta buɗe za ka ga hoton taswira, ka danna shi. Ka gangara har ka ga jirgin ruwa, kada ka tsaya a nan tunda ba ka son gani. Na uku a ƙasansa shi ne takardar. Ka sa yatsu biyu ka buɗa, za ta yi girma. Don Allah kada ka danna jan akwatin da ke kusurwa, aikina zai goge. Ka riga ka ƙona ɗaya.

Ka kira Inna idan kana so. Ni ma zan gaya mata dalilin da ya sa 'yarta za ta maimaita aji.

Huda

*

Alhamis

Huda,

Sallama. Na san shekarar haihuwarki, na je gida a shekarar, ni na yanka ragon sunanki.

Na duba. Na zauna a mota a gefen titi ina ta buɗa shi da yatsu, har wani fasinja ya ƙwanƙwasa gilashi na ce masa ba na aiki. Hannun mutumin nan irin na kakanki ne, Allah ya jiƙan sa. Yadda yake jan wutsiyar harafi, haka Baba yake yi. Wannan a ƙasa ya zauna gaban malami, ya sha bulala kamar yadda muka sha.

Ko kin lura a layi na tara ya tsaya a tsakiyar sura, ya bar fili, sannan ya kama wata? Ba takarda ce ta ƙare masa ba. Mantawa ya yi. Na ce bari in ƙarasa masa. Na ɗauko daga farko, ban ma kai inda ya kai ba na tsaya. Shi an ɗaure shi da sarƙa. Ni ba wanda ya ɗaure ni.

Wannan bai wanke ki ba. Abin da kika yi a falo laifi ne, kuma ko yau na sake gani zan sake ƙonawa. Kwamfuta tana wurin Fanna. Na shiga laburare wata mata ta buga mini takardar, tana cikin gafakar Baba da na zo da ita daga gida. Ga sharuɗɗana. Ba gam. Ba za ta zauna kusa da hoton kowa ba. Da alwala za ki ɗauke ta, ba za ta sauka ƙasa da ƙirjinki ba, kuma ba mai taɓa ta sai ke. Idan gafakar nan ta dawo da ko ɗigon miya, ni da ke ne.

Kuma ki ɗaga murya. Kada ki je ki yi musu wannan shiru-shirun da kike yi mini.

Kawunki Kadri

*

Juma'a

Kawu,

Assalamu alaikum. Na yi. Turancin ya ɓace mini sau biyu, amma da na zo kan takardar ban tsaya ba sai inda shi ya tsaya. Wata yarinya ta miƙo hannu za ta taɓa, na ce mata a'a da ƙarfi har Malama ta juyo. Malama ta ce na wuce. Gafaka tana saman kabad, ba abin da ya same ta.

Har yanzu ban huce da maganar tukunya ba.

Na san ayar da ta ɓace maka, da wadda ta ɓace masa. Ba zan rubuta su a nan ba, saboda takardar nan kusa da kular miya za ta shiga. Idan kana so, ka dawo da wuri ranar Lahadi bayan la'asar, ka sauke buhun shinkafar nan daga kan tebur, in karanta maka da baki.

Huda